Tambaya da Amsa: Wane inji zan fara saya don aikin katako a gida?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikacin gwamnati ne, ina zaune a unguwar Talladje a nan Yamai, kuma na daɗe ina sha'awar aikin kafinta domin in riƙa yi wa gidana benci, kanta da ƙaramin tebur a ranakun hutu. Na tara jaka 300 na sefa, sai wani ɗan kasuwa ya nuna mini tsohon babban injin Turai wanda yake tsaga katako, ya fere shi, ya kuma huda shi, duk a jiki ɗaya. In saye shi, ko akwai abin da ya fi dacewa da mai koyo?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Shawarata ita ce ka bar wannan inji inda ka gan shi, aƙalla a bana, kuma dalilina na farko yana manne a bangon gidanka, wato mitar wutar lantarki. Wutar da kamfanin lantarki na Nijar, NIGELEC, yake kai wa yawancin gidaje mai layi ɗaya ce, volt 220, alhali da yawa daga cikin manyan injunan da ake kwasowa daga tsoffin masana'antun Turai suna buƙatar layi uku, volt 380. Ko da an dace nasa mai layi ɗaya ne, mita mai amfiya 10 ba ta ɗaukar fiye da wat 2,200, kuma motar da ke juya injin, a lokacin tashi, tana zuƙar ninki da yawa na abin da aka rubuta a jikinta, ga firiji da fanka suna aiki a cikin gida. Saboda haka duk injin da za ka saya, ka fara karanta ɗan ƙarfen bayanin da ke jikinsa kafin a shiga ciniki, domin a cikin kayan gwanjo har da na Amurka masu volt 120, waɗanda suke ƙonewa da zarar an jona su a wutarmu.

Abin da ya kamata ya ci kaso mafi tsoka na kuɗinka shi ne zarton lantarki na hannu mai faifai, wanda faɗin faifansa ya kai milimita 185, ƙarfinsa kuma tsakanin wat 1,200 da 1,400. Yana yanka katako mai kauri har wajen santimita 6, kuma idan ka matse miƙaƙƙen katako a kan allon ya zame masa jagora, zai ba ka yanka mai kyau wanda zai ishi benci da kanta. Kada ka yi rowa a kan faifan, domin shi ne ainihin mai aikin: mai haƙora 24 ya dace da tsagawa a tsawon katako, mai haƙora 40 zuwa 60 kuma shi ne na yankan gicciye da siraran alluna, waɗanda suke ɓarewa a baki idan haƙoran sun yi girma. Bayan zarto sai injin huda rami, kuma na fi son mai batir a nan, musamman saboda ɗaukewar wuta a watannin Afrilu da Mayu, sannan ƙaramin injin gogewa da samfefa. Tsakanin Makita ko Bosch da masu sauƙin kuɗi irin su Ingco, ka tambayi mai gyara a kasuwa wanne ne ake samun gawayin motarsa, wato ƴan guntayen da ke kai wuta cikin motar injin, da makunninsa, ka bi maganarsa.

Fere katako kuwa, ba sai ka mallaki injinsa ba. Idan ka sayi katako a Kasuwar Katako, ka biya masu manyan injuna su fere maka shi daidai kaurin da kake so, ka kai gida. Ka fara da farin katakon da ake kira samba, domin yana da laushi da rashin nauyi. Sai dai katakon da ake shigo da shi daga ƙasashen gaɓar teku yakan zo da danshi, don haka ka jera shi a inuwa, da ƴan sanduna a tsakani, na wasu makonni, in ba haka ba iskar hunturu za ta buɗe maka duk mahaɗin da ka yi.

Akwai abin da nake roƙonka a kansa da gaske. Kada ka yarda a kife maka zarton a ƙarƙashin tebur, a ɗaure murfinsa da waya, kamar yadda ake gani a wasu rumfuna, domin katako yakan kama faifan ya dawo wa mai aiki da ƙarfi, kuma ta haka ake rasa yatsu. Ka ware kuɗin tabarau, abin toshe kunne, takunkumin ƙura da mamatsa katako guda huɗu, ka cire babbar riga kafin ka kunna inji, ka kuma zare wayar daga soket duk lokacin da za ka canza faifai ko yara suka shigo tsakar gida.