Tambaya da Amsa: Yaya Tsohuwa Za Ta Samu Hatsin Gwamnati?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da gwaggo mai shekara 74 a unguwar Garin Malam, nan Damagaram. Mijinta ya rasu, tana riƙe da jikoki uku, kuma ƙuli-ƙulin da take yi ta daina saboda ciwon gwiwa. Bara na ji ana sayar da hatsi da rahusa, amma kafin in kai ta buhuna sun ƙare. Shin gwamnati na da taimakon cimaka na tsofaffi, kuma ta ina ake bi? Daga wani mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya saka maka da wannan zumunci. Abu na farko da ya kamata ka sani shi ne, a Nijar ba shekarun mutum ake dubawa ba, halin da gidansa yake ciki ake dubawa. Fansho na tsofaffin ma'aikata ne da waɗanda suka yi zubi a CNSS, wato asusun ƙasa na kula da ma'aikata, gwaggonka kuwa za ta shiga ne a matsayin uwar gida mai rauni, kuma takaba da riƙon jikoki hujja ce mai ƙarfi a gare ta.

Abin da ya wuce ku bara shi ne sayar da hatsi da rahusa, wanda ake fitarwa daga rumbunan OPVN, wato ma'aikatar ajiyar cimaka ta ƙasa, a watannin da rumbun talaka ya ƙare, sabon gero bai nuna ba. A shekarun baya an sha sayar da buhu mai kilo 100 a kan jikka 13, alhali a Kasuwar Dole ta Damagaram ya ninka haka ko ya fi. Sai dai wannan hanya ta mai ɗan abin hannu ce kuma mai ƙarfin tsayuwa a layi, domin na taɓa ganin wata dattijuwa zaune a gindin bedi tun hantsi, da tiyarta da kuɗinta ƙulle a bakin zane, har aka rufe ƙofa ba ta kai ga ma'auni ba. Idan aka sake buɗewa, ka je da kanka da sassafe, ɗauke da katin iyalinta.

Hanyar da ta fi dacewa da ita ita ce rabon kyauta da ake yi wa gidajen da suka fi talauci, galibi tsakanin Yuni da Agusta. A nan ne mutane da yawa suke kuskure, suna jira sai sun ga motar hatsi, alhali an daɗe da rufe rajista. Da mai unguwa da kwamitin mutanen unguwa ake tantance sunaye, don haka tun cikin bazara ka je wurinsa, ka bayyana masa halin da take ciki, sannan ka bi sawu a ofishin magajin gari na da'irarku, ɗaya daga cikin biyar na birnin. Ka tabbata an rubuta ta a matsayin gida mai tukunyar kansa, domin idan aka cusa ta cikin katin wani ɗan'uwa mai albashi, lissafi zai nuna tana da mai ciyar da ita ko da ba ta ganin ƙwayarsa.

An kuma yi wani shirin tallafin kuɗi da aka fara a 2011 da taimakon Bankin Duniya, shirin ya riƙa bai wa matan gidajen talakawa jikka 10 a wata, amma ya fi karkata ga ƙauyuka. Rajista ba a biyan ko dala a kanta. Duk wanda ya nemi kuɗi don ya sa sunan gwaggo, ka kai maganarsa gaban mai unguwa tare da shaidu biyu.