Tambayi Goggo: Tuwo Da Zafi, Miya Da Yauƙi, Kifi Da Ƙaya

TAMBAYA: Assalamu alaikum Goggo. Ni amarya ce, ban daɗe da tarewa a Garwa ba. A makarantar kwana na girma a Yawunde, cokali na saba da shi. A nan kuwa faranti ɗaya muke haɗuwa da facalolina da ƙannen maigida. Tuwo na ƙona mini yatsu, miyar kuɓewa na gangarowa har gwiwar hannuna, kifi kuwa tsoronsa nake. Kullum da yunwa nake tashi. Don Allah yaya zan yi?
Wata amarya, Garwa

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya sa albarka a auren. Tashi da yunwar nan ya fi damuna, don a gidan yawa wadda take tsakurar abinci, sai a ce raina girkin mutane take yi.

Tuwon da aka kwashe yanzu, zafinsa a ciki yake. Ki yi bismillah, ki sa hannun dama, ki fara daga gefen malmalar da ke gabanki, inda ya riga ya sha iska. Haka Annabi (SAW) ya koya wa Umar ɗan Abu Salama yana yaro: ambaci Allah, ci da dama, ci abin da ke gabanka. Bukhari da Muslim duk sun ruwaito shi. Ki ɗan jiƙa yatsunki da miya kafin ki taɓa tuwon, don kada ya manne miki a fata, mannewar ce take ƙuna. Ki gutsuri kaɗan, ki mulmula a kan yatsu, ya huce kafin ya kai baki. Kada ki hura, an hana hura abinci a mazubi, balle wanda wasu ke ci tare da ke. Idan kuwa loma mai zafi ta riga ta shiga, ki kare baki da bayan hannun hagu, ki ja iska a hankali, ki kurɓi ruwa. Ba a mayar da ita faranti.

Yauƙi kuma dabara ce ta wuyan hannu. Ki danna babban yatsa a lomar ta yi ɗan rami, ki ɗebo miya, sai ki juya hannu sau ɗaya kusa da faranti, zaren zai tsinke da kansa. Ke ce za ki ɗan sunkuyo wajen lomar. Masu ɗaga hannu sama suna bin zaren da baki su ne miya ke sauka musu a zani. Kuɓewa, karkashi, lalo, duk hanyarsu ɗaya.

Kifi kuwa, mai zaman Garwa ba ta da mafita. Ga Binuwai a bakin gari, ga tafkin Lagdo da aka gama dam ɗinsa a 1982, kifinsa ya cika kasuwa. Ki fara koyo da giwan ruwa ko tarwaɗa, ƙayarsu manya ce, ido na ganinta. Karfasa a bi ta daga baya zuwa ciki, a ɗaga tsokar sama, sannan a cire ƙashin tsakiya gaba ɗaya. Tsage ki bari sai hannunki ya faɗa. Kowace tsoka ki murza ta da yatsu kafin ki kai baki, kuma kada ki cusa ta cikin tuwo, harshe ba zai ji ƙayar ba. Wadda ta kuɓuce, ki kare baki ki zare ta, ki ajiye a murfin kwano, ba kan tabarma ba inda yara ke rarrafe. In ta maƙale a maƙogwaro, za ki ji ana cewa ki haɗiyi ƙatuwar loma. Ni ban yarda da wannan ba, yana iya ƙara kafe ta. Ki tashi gefe ki yi tari, idan ba ta fita ba, ko haɗiya ta gagara, a tafi asibiti.

Ba ki tambayi barkono ba, amma na san yajin gasasshen kifin garinku. Ruwa ba ya kashe shi sosai, kindirmo ya fi.

Sannan ki samu babbar facalarki ku biyu a madafa, ki ce, "Yaya, ki koya mini cin kifin nan." Za ta yi miki dariya, ki bar ta ta yi. Kafin ki ƙware, ranar shinkafa ko kunu ki ɗauki cokalinki ki ci ki ƙoshi, ba wanda zai ce miki kanzil.
Goggonku