Awaza ko Haƙarƙari? Amsa ga Mai Neman Gashi na Ƙwarai

Wani mai karatu da ke zaune a Ingila ya aiko da tambaya biyu. Ya ce a gidajen cin abinci na can akwai gasasshen naman sa da ake yanka wa mutum daga gefen ƙirji, musamman ranar Lahadi, kuma ya rasa sunan da zai kira shi da Hausa, ko haƙarƙari ne ko balangu. Ya kuma nemi bayanin karin maganar da wani dattijo ya jefa masa sa'ad da ya yi ƙorafin cewa bai taɓa dace da mai daɗi ba, wato "mai nama shi ke neman wuta".

Haƙarƙari shi ne ainihin ƙashin gefen ƙirji, na mutum ko na dabba, kuma sa yana da 13 a kowane gefe. Amma idan mahauci ya fede dabba ya ciro gefen nan gaba ɗaya, ƙashi da tsoka da kitse, abin da ke hannunsa awaza ce. Saboda haka a ganina sunan da ya dace shi ne gasasshiyar awazar sa, duk da cewa Turawa suna yankota ne daga sama, kusa da gadon baya, daga haƙarƙari na 6 zuwa na 12, inda tsokar ta fi laushi domin ba ta wahala wajen tafiya. Ba balangu ba ce, domin balangu ana gasa shi ne a fili bisa garwashi, mai gashi yana juyawa yana shafa mai, sa'an nan ya daddatsa a takarda da yaji da albasa. Tsire kuwa sunansa ya nuna shi, nama ne da aka tsire a tsinke aka kafa a tukuba. Ita awazar da ake magana a rufe ake gasa ta, dunƙule guda da ƙashinta, a wuta marar ƙarfi na tsawon sa'o'i, kuma sai an sauke ta ta huta kafin wuƙa ta taɓa ta, don kada romonta ya tsiyaye a faranti.

Karin maganar kuwa ma'anarta ita ce mai buƙata shi ke da alhakin tashi ya nema, ba zai zauna yana jiran abin ya iske shi ba. Akan faɗa wa wanda yake son biyan buƙata amma yana ƙyashin wahalarta, kuma ina ganin dattijon nan ya faɗe ta a muhallinta. Neman wuta a nan shi ne tambaya, kuma ta farko ga Musulmi ita ce ko naman yankan halal ne, da kuma ko an zuba giya a romon da ake kwararawa a kai, domin wasu masu dafuwar can suna yin haka. Bayan wannan sai a tambayi lokacin da aka sauke gashin, saboda wanda ya makara zai iya tarar da abin da ya daɗe a ɗumame har ya bushe.

Idan an kawo, a dubi yankan da kyau. Na ƙwarai bayansa ya yi ɓawo mai duhu, kitse ya ratsa tsokar siri-siri kamar zare a saƙa, wuƙa kuma tana shiga ba da gardama ba. Jan da ke tsakiya yakan tayar wa Bahaushe hankali, tun da mun saba da naman da ya gasu har ciki, amma jan ruwan da ke fitowa ba jini ba ne, ruwan tsoka ne da wuta ba ta ƙone ba. Wanda duk da haka ransa bai kwanta ba, sai ya nemi a yanko masa daga baki, wato ƙarshen dunƙulen da ya fi shan wuta, kuma gara ya faɗa tun yana ba da oda, domin baki biyu kacal kowace awaza take da shi.