Filin Tambaya da Amsa: Akwatin Sarrafa Sautin Jita, Daɗi a Ɗaki, Hayaniya a Wurin Biki

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni matashi ne mai kaɗa jitar lantarki, ina bin wata ƙaramar ƙungiyar makaɗa zuwa wuraren dinar biki a cikin Kano. Kwanan baya na sayi akwatin sarrafa sauti na hannu, irin wanda ake takawa da ƙafa, ƙirar Zoom G1X Four. Idan na saurare shi da abin sawa a kunne a ɗakina sautin yana da daɗi ƙwarai, amma da zarar na jona shi a wurin biki sai ya dushe ko ya yi kaushi, ga wani ƙugi da ba ya yankewa, ga kuma wani saitin ya fi wani ƙarfi har mai kula da miksa, wato na'urar da take haɗa sautukan makaɗa da mawaƙi, yana yi mini faɗa. Shin akwatin ne ya lalace? Daga mai karatu a Fagge.

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanena. Bisa abin da ka bayyana, ban ga alamar lalacewa a akwatinka ba, kuma ina roƙonka kada ka yi gaggawar kai shi wurin mai gyaran rediyo. Matsalolin da ka lissafa tushensu daban-daban ne, amma babbarsu ita ce ba ka shirya wa akwatin saitin da ya dace da inda sautinsa zai fita ba.

Wannan akwati ƙaramar kwamfuta ce. Tana karɓar amon da maganaɗisun jita suka ɗauko daga tsirkiya, ta mayar da shi lissafi, ta bi da shi ta cikin jerin matakai, sannan ta sake mayar da shi amo. A da kowane mataki fedal ne, wato ƙaramin akwatin takawa mai zaman kansa da ake saye daban, har kamfanoni irin su Boss da Zoom na Japan suka tattara su a jiki guda. Tun daga 1998, lokacin da kamfanin Line 6 na Amurka ya fitar da na'urarsa mai suna POD, sai ya zama ruwan dare a sa wa waɗannan akwatuna kwaikwayon amfilifayar jita da na lasifikarta. Yawancin saitin da kamfani ya zuba a cikin akwatinka suna ɗauke da wannan kwaikwayo, shi ya sa suke da daɗi a kunne, domin abin sawa a kunne ba ya ƙara wa sauti launin kansa mai yawa. Amma idan ka ɗauki sautin da ya riga ya bi ta amfilifaya da lasifika na kwaikwayo, ka sake zuba shi a bakin amfilifayar jita ta gaske, ka zama kamar wanda ya ƙara gishiri a miyar da aka riga aka sa wa nata. Sautin zai dushe, ya cushe, ya rasa kaifinsa. Don haka idan amfilifayar jita ce a gabanka, ka cire kwaikwayon lasifika daga jerin, sau da yawa har da na amfilifayar, ka bar ta gasken ta yi aikinta a tasharta mai tsabta, wadda ba ta ƙara wa sauti kaushi.

Idan kuwa kai tsaye za ka shiga miksa, kamar yadda aka fi yi a ɗakunan taron Kano inda komai yake fita ta manyan lasifikun mawaƙi, to hukuncin ya juya. Lasifikar jita ta gaske ba ta fitar da siraran amo sosai, tana yanke mafi yawan abin da ya haura zagaye 5,000 a sakan, kuma wannan yankewar ce take tausasa kaushin distoshan, wato matakin da yake sa amon jita ya yi kaushi da gangan. Lasifikun taro suna da ƙaramin bakin da yake fitar da siraran amon duka, saboda haka distoshan da ba shi da kwaikwayon lasifika zai fito da tsatsa mai soke kunne. A nan dole ne ka kunna shi. Shawarata ita ce ka adana kowane saiti naka sau biyu, ɗaya na amfilifaya ɗaya na miksa, domin ba kullum kake sanin abin da za ka tarar a wurin biki ba.

Ni ban yarda mai kiɗa ya hau dandamali da saitin kamfani ba. An tsara su ne don su burge mai saye a cikin kanti, shi ya sa aka cika su da kaushi da amsa-kuwwa, aka kuma rage tsakiyar sauti. Tsakiyar nan kuwa ita ce mazaunin jita, musamman a kiɗanmu inda fiyano ya riga ya mamaye ƙasa da sama, ga ganga ga muryar mawaƙi. Ka buɗe gurbi wanda ba komai a cikinsa, ka fara da muryar jita tsantsa har sai ta yi maka, sannan ka ƙara abu ɗaya ka saurara kafin ka ƙara wani. Akwatinka yana ɗaukar matakai biyar a lokaci guda, amma uku sun ishi mafi yawan aikin biki. Jerin da aka saba shi ne komfuresa mai daidaita ƙarfin bugu da wah-wah mai sa jita kuka kamar muryar mutum a gaba, sai kaushi, sai koras da danginsa masu sa amo rawa, sai dilei mai maimaita bugu, sannan ribab mai kwaikwayon amon ɗaki a ƙarshe. Dalilin wannan jeri shi ne idan kaushi ya zo bayan maimaitawa, zai dagula bugun da maimaicinsa su zama dunƙule guda. Kuma ka tuna cewa ɗakin taro mai tayil da bangon siminti yana da nasa amsa-kuwwar, saboda haka ribab ɗin da ya yi daidai a ɗakinka ya yi yawa a can.

Ka saurari makaɗan jita na maƙwabtanmu, irin su marigayi Ali Farka Touré na Mali ko Bombino na Agadas, za ka ji yadda kowane bugu yake fita sarai, kusa da yadda mai gurmi ko garaya yake tsinkar tsirkiyarsa. Salon da yake tafiya da sauri a kan ma'aunin kiɗa mai muryoyi biyar yana buƙatar wannan tsabtar, kuma kaushi mai yawa yana haɗiye shi. Dilei kuma ba a saita shi da ka. Ka raba 60,000 da yawan bugun waƙar a minti, abin da ya fito shi ne tazarar bugu ɗaya da milisakan (kashi ɗaya cikin dubu na sakan), wato waƙa mai bugu 120 tana son 500, idan kuma kana son maimaicin ya riƙa faɗawa tsakanin bugu yana tsalle, ka ɗauki kashi uku cikin huɗu na wannan, wato 375.

Bambancin ƙarfi tsakanin saiti da saiti gyaransa mai sauƙi ne, kowane gurbi yana da nasa ma'aunin ƙarfi. Ka daidaita su duka da ƙarfin jitarka idan an kashe komai, kuma ka yi wannan a wurin gwaji da irin ƙarar da za ku yi a biki, domin kunnen ɗan Adam ba ya jin kauri da sirantar sauti sosai idan ƙara ta yi ƙasa.

Saura ƙugi. Wutar lantarkin Najeriya tana juyawa sau 50 a sakan, kuma jita mai maganaɗisu masu naɗin waya ɗaya tana ɗaukar wannan daga iska, kaushi kuma yana ninka shi. Ka murɗe maɓallin ƙarar jitar har ƙasa, ka kashe ƙarar gaba ɗaya. Idan ƙugin ya ɗauke, to daga jitar yake shigowa, sai ka nisanci janareta da fitilun dandamali, ka rage kaushi, ka canza waya mai kyau, ka kuma sa matakin yanke hayaniya kaɗan, ba har ya riƙa datse wutsiyar amo ba. Idan bai ɗauke ba, ka zare adafta ka sa batir huɗu ƙanana, waɗanda akwatinka yake aiki da su. Ɗaukewarsa a nan tana nuna adaftar ce ko layin wutar. Ka jona akwatin da amfilifaya ko miksa a soket ɗaya, ka kuma tabbata adaftar mai bolt 9 ce wadda tsakiyar bakinta yake da alamar ragewa, domin ta wata na'ura mai bolt 12 ko mai juyayyen baki tana iya ƙona shi. Kayan da aka shigo da su daga Amurka kuma ka karanta jikin adaftarsu tukuna, wasu na wuta mai bolt 120 ne, tamu kuwa 230 ce.

Abu guda nake gargaɗinka da shi da babbar murya. Wasu suna karya ƙafa ta uku ta fulogin amfilifaya, wato ta wayar ƙasa, don su kashe ƙugi. Tsirkiyar jitarka a haɗe take da jikin amfilifaya ta cikin waya, kuma idan wuta ta zubo ba ta sami hanyar ƙasa ba, jikinka ne zai zama hanyar a lokacin da ka taɓa makirufo. Haka makaɗin jita Leslie Harvey ya rasa ransa a kan dandamali a Swansea ta Birtaniya a 1972. Hanyar da ba ta da haɗari ita ce ƙaramin akwatin nan na DI da ake sawa tsakanin fedal da miksa, yana da maɓallin da yake raba ƙasan sauti ba tare da ya taɓa ƙasan wuta ba.

TAMBAYA: Malam, ina kaɗa jita a coci a Sabon Gari. Duk lokacin hunturu maɓallan akwatina suna ƙaraf-ƙaraf idan na murɗa su. Mene ne magani?

AMSA: Ƙura ce, ɗan'uwa, ta shiga cikin maɓallan da ramukan waya. Ka nemi feshin wanke mahaɗar lantarki a wurin masu sayar da kayan gyaran rediyo a Kasuwar Sabon Gari, ka zare wuta, ka fesa kaɗan ka murɗa maɓallin sau da yawa, ka bari ya bushe kafin ka kunna. Kada ka sa man keke ko fetur. Idan an tashi daga ibada ka rufe akwatin a jaka, ka cire batir idan zai daɗe a ajiye don kada ruwansu ya ci ƙarfen, kuma a watannin bazara kada ka bar shi a cikin mota a rana.