Amsar Anti a kan zuciyar da ke tsalle cikin dare

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanwata, yanzu na saurari saƙonki, ki yi haƙuri, jiya aikin dare na yi. Ga waɗanda ba su ji ba, cewa ta yi maigidanta yakan farka tsakar dare zuciyarsa na fat-fat-fat kamar tsuntsu a keji, wani lokacin ta yi kamar ta tsaya sannan ta buga da ƙarfi. An yi masa gwajin i-si-ji, wato gwajin bugun zuciya, an ce lafiya lau. Tana tambaya me ke tayar da abin, kuma yaya zai samu barci.

To, kar gwajin nan ya ruɗe ku. I-si-ji daƙiƙa goma kawai yake ɗauka, abin da zuciya ke yi a wannan lokacin shi zai nuna. In matsalar mai zuwa ce ta tafi, sai a tarar da komai daidai. Akwai wata 'yar na'ura, Holta ake ce mata, ana manna wa mutum ita a ƙirji ya koma gida, ta yi awa 24 ko 48 tana naɗar bugun. Ita za ku nema. Saboda tsallen zuciya iri-iri ne. Akwai ƙarin bugu ɗaya da ke shigowa kafin lokacinsa, wannan kusan kowa yana yi, yawanci ba komai ba ne. Akwai kuma wanda ɗakunan zuciya biyu na sama suke karkarwa maimakon su matse, jini ya riƙa kwanciya har ya daskare. Wannan ɗin yana ninka haɗarin shanyewar ɓarin jiki kusan sau 5. Kin ga ba abin da za a yi ta hasashe a gida ba ne.

Amma abin da ya tsaya min a rai, a ƙarshen saƙon kin faɗa cikin dariya wai minsharinsa har ɗakin yara. Ni ban yi dariya ba. Don Allah yau da dare ki ɗan zauna ki kasa kunne. In kin ji minsharin ya yanke ɗif, shiru, shiru, ki ƙirga. Ya kai daƙiƙa goma ko fiye sannan ya ja numfashi da ƙarfi kamar wanda aka shaƙe? To maƙogwaronsa ne ke rufewa cikin barci. Duk rufewa ɗaya iskar da ke cikin jini takan ragu, jiki ya firgita, hawan jini ya tashi, ƙirji yana ta ja ba iska. Wani sai ya yi haka sau 30 a awa ɗaya bai sani ba, shi dai ya tashi da ciwon kai, baki a bushe, yana gyangyaɗi da rana. A wajen aikinmu mun sha ganin wanda ake ta canza wa maganin zuciya ba sauƙi, ashe ga inda gizo ke saƙar. Akwai gwajin barci, akwai na'urar da ake sawa a hanci tana hura iska. Rage ƙiba da kwanciya ta gefe su ma suna taimakawa ƙwarai.

Sauran masu tayar da tsallen zuciya kuwa, giya ce a gaba. Na san ba lallai ta shafe ku ba, amma muna da yawa a nan. An yi bincike a Ostireliya, aka wallafa a 2020, masu ciwon karkarwar ɗakunan zuciyar nan da suka bar sha, kashi 53 cikin ɗari abin ya dawo musu, waɗanda suka ci gaba kuwa kashi 73. Sai sigari. Sai lemukan ƙara kuzari na gwangwani, su kam ba na ɗaga musu ƙafa. Kofi da shayi, gaskiya an fi ɗora musu laifin da ya wuce nasu, mutane da yawa suna shan kofi ɗaya ko biyu ba abin da ke faruwa. Ɓarnarsu a barci take. Bayan awa 5 rabin sinadarinsu mai hana barci yana nan a jini, wanda ya sha da yamma da shi zai kwanta.

Af, na kusa mantawa, magunguna. Maganin mura mai buɗe hanci, da na asma da ake shaƙa, duk suna iya sa zuciya gudu. Mai shan maganin hawan jini mai sa fitsari, ko wanda ya yi amai da gudawa, fotashiyam ɗinsa, wani sinadari a jini da zuciya ke buƙata, na iya sauka, abin ya tashi. Zazzaɓi, ƙarancin jini, rashin shan ruwa, cika ciki dab da kwanciya, su ma suna iya tayar da shi. A kuma duba masa tayirod, wannan da ke wuya, gwajin jini ne kawai.

Maganar barci, ba doguwa ba ce. Ya tsayar da lokacin tashi guda ɗaya, ko ya yi barci ko bai yi ba, shi ne ke gyara sauran. Awa 7 ake so. Waya ta bar gadon. In ya yi kamar minti 20 yana juyi, ya tashi ya zauna a wuri mai ƙarancin haske, sai barci ya zo ya koma. Kwanciya ta hagu takan sa mutum ya fi jin bugun, ya gwada dama. Kuma kar ya sayi maganin barci da kansa, in numfashinsa na yankewa maganin ƙara dagula lamarin zai yi.

Ki samu ɗan littafi. Duk sanda abin ya zo, ki rubuta ƙarfe nawa, me ya ci, me ya sha, awa nawa ya yi barci. Ki dafa wuyan hannunsa ki ƙirga na minti ɗaya cur, daidai shi ne 60 zuwa 100, ki lura ko yana tafiya a jere ko a hargitse. In kuwa ya haɗa da ciwon ƙirji, ko numfashi ya gagara, ko ya suma, ko baki ya karkace, magana ta sarƙe, kar ki tsaya turo murya, asibiti a daren.

Gobe ki faɗa min abin da kika ji game da minsharin nan, ki ɗauko min hoton kwalayen magungunan da yake sha, har da waɗanda ya saya da kansa.