Tambayoyinku Kan Shari'a: Me Ya Sa Kotunan Yanki Ke Korar Ƙara Tun Daga Bakin Ƙofa?

Tambaya daga wata mai karatu a Zariya: Shekara biyu ke nan jami'an tsaro na tsare da ƙanena, ba a kai shi gaban alƙali ba, ba a ma faɗa mana laifinsa ba. An ce mu tafi Kotun ECOWAS, wani kuma ya ce sai mun gama da kotunan gida har Kotun Ƙoli. Wanne ne gaskiya?

Amsa: Hajiya, Allah Ya kawo muku sauƙi. Wanda ya ce sai kun kai Kotun Ƙoli ya haɗa dokokin kotuna biyu ne ya cakuɗa. Kotun ECOWAS da ke Abuja ba ta gindaya wannan sharaɗi ba. Tun gyaran yarjejeniyar da aka yi a 2005, duk wanda aka take wa haƙƙi a wata ƙasa ta ƙungiyar yana iya zuwa kai tsaye. Sashe na 10 sharaɗi biyu ya rubuta: kada mai ƙara ya ɓoye sunansa, kuma kada ya zama maganar tana gaban wata kotun ƙasa da ƙasa.

An gwada wannan a shari'ar Hadijatou Mani, 'yar Nijar da aka sayar tana 'yar shekara 12 a matsayin wahaya, wato baiwar da ake ajiyewa kamar mata ta biyar. Lauyoyin gwamnatin Nijar sun ce ba ta gama da kotunan gida ba. Kotun ta yi watsi da wannan hujja, ta yi zamanta a Yamai, kuma a watan Oktoba na 2008 ta umarci Nijar ta biya ta diyyar sefa miliyan 10.

Sai dai akwai wuraren da ƙara ke faɗuwa ko da mai ita na da gaskiya. Babba a ciki shi ne wanda aka rubuta a matsayin wanda ake ƙara. Ƙasa ake kaiwa wannan kotu, wato Tarayyar Nijeriya. In lauyanku ya rubuta sunan gwamnan jiha, ko kwamishinan 'yan sanda, ko jami'in da ya yi kamun, kotu za ta cire su, in kuma su kaɗai ne a takardar to ƙarar ta tafi. Laifin ɗan sanda ko na gwamnatin jiha, a idon wannan kotu, a wuyan gwamnatin tarayya yake. Sannan a nuna alaƙarki da wanda ake tsarewa: ƙarar ta fito da sunansa, ko a haɗa takardar da ke tabbatar da ke yayarsa ce kuma kina da izinin tsaya masa. A rubuta ranar kamun, wurin, hukumar da ta kama shi, a haɗa kwafin duk wasiƙar da kuka kai da hatimin karɓa a jikinta, da rantsuwar shaidun da suka gani da idonsu. Da Turanci ko Faransanci ko harshen Fotugal ake shigarwa, don haka takardar Hausa sai an fassara ta.

Abu ɗaya da ba za mu ɓoye miki ba: samun hukunci daban, aiwatar da shi daban. A 2016 kotun ta umarci a saki Kanar Sambo Dasuki, bai fito ba sai ƙarshen 2019. Don haka kada ku saki ƙarar neman haƙƙinsa a babbar kotu ta gida, ku tafi da biyun tare.

Tambaya daga Maraɗi: Tunda ƙasarmu ta fita daga CEDEAO (wato ECOWAS), ina talakan da aka zalunta zai kai kukansa?

Amsa: Malam, ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso ta fara aiki ranar 29 ga Janairun 2025, don haka abin da ya faru bayan nan ƙofar Abuja ba ta buɗe masa ba. Saura ƙofa biyu: Kotun Afirka da ke Arusha a Tanzaniya, da Hukumar Haƙƙin Ɗan Adam ta Afirka da ke Banjul. A Arusha mutum ba ya shigar da ƙara da kansa sai in ƙasarsa ta ajiye sanarwar amincewa ta musamman da sashe na 34 na yarjejeniyar kotun ya tanada. Nijar ta ajiye a 2021, Ghana ma ta daɗe da yi. Nijeriya da Kamaru da Cadi sun shiga yarjejeniyar kotun amma ba su ajiye sanarwar ba, shi ya sa mutanensu Banjul suke nufa. Ƙasa na iya janye tata, kamar yadda Ruwanda da Tanzaniya da Benin da Kwaddebuwa suka yi, saboda haka lauya ya fara tabbatar da matsayin ƙasar kafin ya ɗora alƙalami.

A nan sharuɗɗan sun fi tsauri. Sashe na 56 na Yarjejeniyar Afirka kan Haƙƙin Ɗan Adam bakwai ya lissafa, kuma ɗaya ya faɗi duka sun faɗi. Wanda ya fi kashe ƙararraki shi ne gama bin kotunan gida. Sassaucin da ke ciki ya fito ne a ƙarar da tsohon shugaban Gambiya Dawda Jawara ya shigar a kan gwamnatin ƙasarsa, inda Hukumar ta ce a 2000 hanyar gida sai ta zama akwai ta, tana aiki, kuma za ta iya share hawaye. A shari'ar kisan ɗan jarida Norbert Zongo, Kotun Arusha ta karɓi ƙarar iyalansa saboda kotunan Burkina Faso sun ja maganar shekara da shekaru. Amma cewa kawai "kotunanmu ba su da adalci" ba ya wadatarwa. Sai ka nuna ka ƙwanƙwasa ƙofar, da kwanan wata da lambar fayil.

Sai lokaci. Yarjejeniyar ba ta yanke adadin wata ba, cewa ta yi cikin lokaci mai ma'ana, amma a ƙarar Majuru da Zimbabuwe Hukumar ta ɗauki wata shida a matsayin ma'auni, ta kori wadda ta yi jinkirin wata 22. Mai zaman kurkuku ko wanda ba shi da lauya kan sami rangwame in ya bayyana dalili. A kuma kiyaye harshe, duk zafin da zuciya ke yi: an taɓa korar ƙarar wata ƙungiyar Kamaru don ta kira gwamnati mulkin masu azabtarwa. Haka nan yankakkun labaran jarida kaɗai ba sa riƙe ƙara, sai an haɗa da shaidar wanda abin ya shafa ko takardar likita.

Tambaya daga Gusau: Maƙwabcina ya ci ni a shari'ar gona har Kotun Ƙoli. Zan iya ɗaukaka ƙara zuwa ECOWAS?

Amsa: A'a, Alhaji. Kotun ta sha faɗa cewa ita ba kotun ɗaukaka ƙara ba ce a kan hukuncin kotunan ƙasa, kuma rigimar mutum da mutum ba hurumin ta ba ne. Abin da za ta iya dubawa shi ne in a cikin shari'ar an tauye maka haƙƙin a saurare ka, misali an yanke hukunci ba tare da an aiko maka da sammaci ba. Ko a nan ma Nijeriya za ka kai ƙara, kuma abin da za ka nema diyya ne, gonar tana nan a hannun wanda kotu ta ba.