Amsa ga ɗan'uwan da haki ke tsayar da shi a wajen gudu

Wa alaikumus salam, ƙanena. Na ga tambayarka tun daren jiya. Ka ce kwana goma ke nan da fara fita gudu, amma ko minti uku ba ka cikawa sai haki ya tsayar da kai, ga ƙwauri yana zogi, har ka fara zargin ko jikinka ba na gudu ba ne. Jikinka lafiya lau in sha Allah. Sauri ne ya yi maka yawa.

Ni ma haka na fara, ina da shekara 38, ga tumbi a gaba. Ranar farko na taso daga Ƙofar Ƙaura, a nan Katsina, bayan sallar asuba, na sheƙa iya ƙarfina. Ban yi nisa ba na tsaya dafe da gwiwa a gaban teburin wani mai shayi. Ya ajiye buta ya ce, "Alhaji, lafiya? Wa ya koro ka?" Wani dattijo da ke kan benci, tsohon soja, shi ya ba ni ma'aunin da nake bi har yau: in kana gudu ba ka iya yi wa na kusa da kai magana jimla guda ba tare da numfashi ya yanke ba, to ka wuce ƙima, sassauta.

Don haka koma sassarfa, irin wadda za ka ji kunyar a gan ka kana yi. Fara da tafiya minti 5 jiki ya ɗumama, sannan sassarfa minti 1, tafiya minti 2, ka maimaita sau takwas. Kwana uku a mako ya isa, da hutun kwana ɗaya a tsakani. Duk mako ka ƙara wa sassarfar kaɗan, ka rage tafiyar. In mako ya yi maka nauyi, maimaita shi, ba wanda ke riƙe da rajista. Ni sai da na yi mako goma kafin na haɗa minti 30 ban tsaya ba. Kada ma ka damu da kilomita yanzu, agogo kawai za ka duba.

Inda aka fi faɗawa rami shi ne wajen mako na huɗu. Zuciya da huhu suna sabawa da wuri, cikin 'yan makonni, amma ƙashi da jijiyoyin ƙafa sai sun ɗauki watanni. Sai ka ji numfashi ya buɗe, ka ɗauka ka zama gwani. Haka na yi, na ninka guduna a mako guda, kullum a kan kwalta har hanyar filin wasa na Karkanda. Ƙwaurina ya ɗauki zafi, ko zaman tahiya sai da dabara, na yi mako uku a gida. Sauri ya haifi nawa. Naka ciwon ma ka ba shi 'yan kwanaki, ka riƙa tafiya kawai har ya lafa. In kuwa wuri ɗaya ne tak a jikin ƙashin, kana dannawa kana jin zafi, to a je asibiti.

Nemi kambas mai laushin ƙasa, ko na gwanjo ne, wanda babban yatsa ke da sarari a ciki. Ban da silifas, ban da takalmin ƙwallo. Filin makaranta mai ƙasa ya fi kwalta sauƙi ga ƙafa. In titi za ka bi da duhun asuba, bi gefen da kake fuskantar motoci, ka sa riga mai haske saboda masu babur.

Yanayin Katsina kuma ka san shi. Da bazara zafi kan haura digiri 40, saboda haka ka gama kafin rana ta ɗaga, ka sha ruwa sosai. Ranar da ƙurar hunturu ta rufe gari, haƙura. Da azumi ni nakan mayar da nawa bayan tarawihi, in rage shi.

Ba ka faɗi shekarunka ba. In ka haura 40, ko akwai hawan jini ko ciwon suga a jikinka, a fara auna ka tukuna. Ciwon ƙirji ko jiri a tsakiyar gudu kuwa, tsayawa ake yi nan take.

In ƙafar ta lafa, gwada na minti ɗayan nan mako guda, ka dawo ka ba mu labari.